Yadda ake zaɓa wa kurun da ba shi da takardar asali ajin da ya dace a gasar nunin dawaki a Birtaniya

A Birtaniya, daga bazara zuwa ƙarshen watan Satumba, da wuya a yi ƙarshen mako ba a kewaye wani filin ciyawa da igiya don gasar nunin dawaki ba. Wannan gasa ba tsere ba ce, ba kuma irin hawan Sallah da muka saba gani a gida ba ne, inda ado da kwarjinin mahayi suke ɗaukar ido. A nan alƙali ne yake tsayawa a tsakiyar fili, dawaki suna zagaya shi, yana duba ƙirar jikinsu da takunsu da ladabinsu, sannan ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Iyalai da dama, har da 'yan uwanmu da zama ya kai su ƙasar, suna saya wa yaransu kuru, wato ƙaramin dokin da tsayinsa bai wuce santimita 148 ba, kuma yawancin waɗanda kuɗinsu yake da sauƙi ba su da takardar asali. Ranar da yaro ya ce yana son shiga gasa, sai uba ya buɗe jadawali ya tarar da azuzuwa barkatai, ya rasa inda zai sa dokin ɗansa. Abin da na koya bayan wasu shekaru ina jan tirela zuwa irin waɗannan wurare shi ne rashin takarda ƙofofi kaɗan yake rufewa, kuma mafi yawan masu komawa gida da ɓacin rai ba takarda ce ta kayar da su ba, ajin da bai dace ba suka shiga.

Mataki na farko shi ne a ɗauko fasfon dokin a karanta shi da kyau, domin a nan ne mutane suke fara ruɗewa. Dokar ƙasar ta wajabta wa kowane doki da jaki fasfo, kuma a Ingila tun daga watan Oktoba na 2020 dole ne kowannensu ya kasance da ƙwayar shaida ta lantarki da likitan dabbobi yake dasawa a wuyansa. Saboda haka idan aka ce kuru ba shi da rajista, ba ana nufin ba shi da fasfo ba ne. Ana nufin sunansa ba ya cikin littafin zuriya na wata ƙungiyar jinsi. Fasfo iri biyu ne. Akwai wanda ƙungiyar jinsi take bayarwa, ɗauke da sunan uwa da uba da kakanni, akwai kuma na shaida kawai, wanda yake nuna launi da alamomin jiki da lambar ƙwayar, amma a gurbin iyaye an rubuta cewa ba a san su ba. A duba bangon fasfon a ga wace hukuma ce ta bayar da shi. Yakan faru mutum ya ɗauka dokinsa ba shi da asali, sai ya tarar ƙungiyar dawakin Wales, wadda aka kafa tun 1901, ta sa shi a littafinta na masu ruwa biyu, littafin da yake karɓar dokin da aka tabbatar yana da aƙalla kashi 12.5 cikin 100 na jinin Wales. Irin wannan yana da nasa azuzuwan. A wannan zaman kuma a duba shafin allurar rigakafin murar dawaki, domin wuraren gasa da yawa suna neman ganinsa, musamman tun bayan ɓarkewar cutar a 2019.

Mataki na biyu shi ne a tantance irin gasar da za a je. Akwai gasar da take ƙarƙashin manyan ƙungiyoyi, irin su BSPS, ƙungiyar nunin kuru ta Birtaniya, da aka kafa a 1949, da NPS, ƙungiyar kuru ta ƙasa, da ta faro tun 1893, inda ake neman gurbin zuwa manyan taruka kamar wanda ake yi a filin Hickstead a watan Yuli, ko HOYS, babban taron nunin dawaki na shekara da ake yi a Birmingham a watan Oktoba. Akwai kuma ƙananan gasa masu zaman kansu da kulob ɗin mahaya, ko reshen Pony Club, ƙungiyar yara mahaya, ko kwamitin bikin manoma na wani ƙauye suke shiryawa. Wanda zai fara, da na biyun ya kamata ya fara, ko da dokinsa yana da takarda, balle wanda ba shi da ita. Kuɗin shiga kaɗan ne, ba a neman katin zama mamba, kuma alƙalan sun saba da ganin yaro yana kuka ko kuru ya tsaya cak ya sunkuya cin ciyawa. Sai dai a lura cewa bikin manoma mai ɗan girma yakan haɗa iri biyun a jadawali ɗaya, don haka kowane aji sai an karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinsa.

A nan ne ƙofar da take rufe da gaske take. Birtaniya da Ailan suna da jinsunan ƙananan dawaki na gado waɗanda suka taso a kan duwatsu da filayen daji, a jadawali ana taƙaita su da haruffan M&M. Ƙananansu su ne Shetland da Exmoor da Dartmoor da na Wales rukunin A da B, manyan kuma Fell da Dales da Highland da Connemara da New Forest da na Wales rukunin C da D. Ajin da aka ware wa waɗannan, idan an rubuta cewa na masu rajista ne, to tsantsar jini ake nufi, kuma kamanni ba ya maye gurbin takarda. Na san wannan ne ta hanya mai ɗaci. Kurun 'yata, wani ɗan dandaƙaƙƙe mai ruwan goro, duk wanda ya gan shi sai ya rantse ɗan Wales ne, ga ƙananan kunnuwa, ga fuska mai ɗan lotsawa, ga manyan idanu. A shekararmu ta farko na rubuta sunansa a ajin ƙananan jinsunan gado a wani bikin manoma, muka tashi tun asuba, muka wanke shi, muka isa. A tantin sakatariya wata dattijuwa ta buɗe fasfon, ta sa yatsa a kan gurbin iyaye, ta ce mini cikin ladabi ba zai shiga ba. Yarinya ta ɗago kai ta ce, "Baba, ai ya fi wancan farin kyau." Wataƙila ma ya fi shi, amma laifin nawa ne, domin sharaɗin yana rubuce a jadawali ban karanta ba. Ƙananan gasa da yawa, saboda irinmu, suna buɗe aji na daban ga dawakin da suke da siffar jinsunan gado amma ba su da rajista. Idan an ga irin wannan, shi ne wurin kuru irin namu. Idan kuma jadawali ya ambaci jinsunan gado bai faɗi komai game da rajista ba, kada a yi zato, a tambaya.

Mataki na uku shi ne awo da lissafin shekaru, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Ana auna doki daga ƙasa zuwa tudun kafaɗa, inda wuya ya haɗu da baya, yana tsaye a kan shimfiɗaɗɗen siminti. Turawa suna ƙirga tsayi da tafin hannu, kowane tafi inci 4, saboda haka idan aka rubuta 12.2 ana nufin tafi 12 da inci 2, wanda a azuzuwa ake daidaita shi da santimita 128, kamar yadda 13.2 yake zama 138, 14.2 kuma 148. Kada a dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa, a ari sandar awo a barga a gani da ido. Shekarun doki kuwa daga 1 ga Janairu ake ƙirga su, ko a wane wata aka haife shi. Wanda bai kai shekara 4 ba, ba a hawansa a gasa, sai dai a ja shi da hannu a ajin dukusai. Shekarun yaro ma yawanci da ranar 1 ga Janairu ake yanke su. Idan kurun namiji ne da ba a dandaƙe ba, sai a yi hattara, domin azuzuwan yara ba sa karɓarsa.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne ya fi wuya ga mai doki, domin so yana rufe ido. A fitar da kurun fili, a tsayar da shi a gefe, a ja da baya taku goma, a dube shi kamar na wani ne. Tambayar ita ce wace irin ƙira Allah ya yi masa. Da yake ba shi da littafin zuriya da zai yi magana a madadinsa, jikinsa ne kaɗai shaidarsa, kuma alƙali zai gwada shi ne da siffar da ajin yake nema.

Idan siriri ne, mai ƙananan ƙasusuwa, da dogon wuya, da fata mai laushi, yana miƙa ƙafa idan yana sassarfa kamar ba ya son taɓa ƙasa, to ƙirar kurun ado ke gare shi. Azuzuwan wannan iri ana raba su a santimita 128 da 138 da 148, ana kitse masa geza ƙulli-ƙulli, a sa masa maɗaurin goshi mai launi, yaron kuma ya sa kwat mai shuɗi mai duhu. Gaskiya kurun da ba a san iyayensa ba da wuya ya faɗo a nan, domin irin wannan kyau yawanci kiwo ne na gangan.

Idan kuwa yana da ɗan kauri, da ƙashin ƙafa mai ƙarfi, da faɗin ƙirji, amma ba gashi ya lulluɓe shi ba, to ya fi kusa da kurun farauta, wato ƙaramin samfurin dokin da Turawa suke hawa su bi karnuka a daji. A nan ne mafi yawan dawakin da ba su da takarda suke samun gida. Iyakokin tsayinsu santimita 122 ne da 133 da 143 da 153. Shi ma ana kitse gezarsa, amma kayan hawansa ba ado, fata ce zalla mai ruwan ƙasa ko baƙa, yaron kuma yana sa kwat ɗin ulu mai kauri da ake kira tuwid. Alƙali yana son ya ga doki mai cin ƙasa idan yana tafiya, wanda zai saki jiki ya yi sukuwa idan an nema, ya kuma dawo hannu ba gardama. Idan irin wannan kurun yana tsallake shinge da son ransa, to ajin farauta mai tsalle ya fi masa komai. A can ana jera shingaye masu kama da na daji, na itace da ƙirare da ƙofar gona, kuma a tsarin BSPS rabin maki ɗari daga tsallen yake fitowa, sauran a raba tsakanin salo da ladabi da ƙira. Ma'anar wannan ita ce doki mai matsakaicin kyau da ya zagaye bai kayar da komai ba yana iya shan gaban kyakkyawan da ya tsaya a gaban shinge. Ni a ganina babu ajin da ya fi wannan yi wa marar takarda adalci. A ƙananan gasa ana rubuta tsayin shingen a jadawali, kuma hikima ita ce a zaɓi wanda bai kai abin da yaro yake tsallakewa a gida ba.

Akwai kuma mai jiki dunƙule, gajerun ƙafafu, geza har kafaɗa, da dogon gashi yana saukowa ya rufe kofato. Wannan shi ne kob na gargajiya, irin wanda al'ummomin matafiya na Birtaniya da Ailan suka daɗe suna kiwo don jan amalanke, kuma da yawansu ba a taɓa rubuta zuriyarsu ba. Shi ba a kitsa shi ba a kuma rage masa gashi, wanki ne aikin, kuma duk wanda ya taɓa wanke farin gashin ƙafa a daren gasa, ya wayi gari dokin ya kwanta a kan kashinsa, ya san abin da nake nufi. Wasu suna aske wa kob geza ƙwal su share gashin ƙafa don ya shiga ajin kob na askakku, amma a yi tunani kafin a ɗauki almakashi, domin geza tana daɗewa ba ta dawo ba.

Wani kurun kuma ba ya faɗawa ko'ina, kansa na wannan iri ne, ƙafafunsa na wancan. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma bai kamata a tilasta masa wata siffa da kitso ko aski ba, domin alƙalin da ya shekara talatin yana kallon dawaki ba ya ruɗuwa da gashi. Shi sai a wuce da shi zuwa azuzuwan da hali ne abin dubawa.

Mataki na biyar shi ne a dubi mahayin da kuma halin dokin tare. Ƙaramin yaro yana farawa ne da ajin ja da igiya, inda babba yake tafiya a gefe riƙe da igiyar da aka ɗaura a maɗaurin hanci, ba a jikin ƙarfen linzami ba, kuma tafiya da sassarfa kawai ake yi. Bayansa sai ajin hawan farko, inda yaro yake shiga shi kaɗai. A nan ba a yin sukuwa a cikin taro, sai lokacin da kowa zai fito ya nuna nasa shi ɗaya. A manyan gasa tsayin kurun waɗannan azuzuwa yawanci ba ya wuce santimita 122, amma ƙananan gasa sukan sassauta, su ce kowane iri ne ya shigo. A duka biyun linzami mai sauƙi ake sawa, mai zobe ɗaya a kowane gefe, kuma ladabi ya fi kyau daraja. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne gaggawar cire igiya saboda yaro yana hawa shi kaɗai a gida. Filin gida daban, filin gasa daban. A can akwai lasifika da tutoci da karnuka da injin janareta na mai sayar da abinci, kuma kurun da bai taɓa sukuwa tare da wasu goma ba yana iya ɗauka tsere ake yi. Idan ana shakka, a fara da ajin jan doki da hannu, inda ba hawa, a ga yadda zai yi. Wanda yake harbi kuma a ɗaura masa jan ƙyalle a wutsiya, alama ce da kowa ya sani ta a ba shi tazara.

Daga nan sai a koma kan azuzuwan da ba ruwansu da jini ko kaɗan, kuma suna da yawa fiye da yadda ake zato. Akwai ajin dokin iyali, inda ake neman wanda kowa a gida zai hau lafiya. Akwai na dokin kulob, wanda yawanci ake haɗawa da ɗan ƙaramin shinge ɗaya. Akwai na iya hawa, inda zaman yaro a kan sirdi da riƙon linzaminsa ake dubawa, ba dokin ba. Akwai na tsabta da shiri, wanda alƙali yake ɗaga gefen sirdi ya duba ƙarƙashinsa, ya leƙa tafin takalmin mahayi, saboda haka ƙwazo ne yake ci ba kuɗi ba. Idan kurun danda ne, wato mai faci-facin fari da baƙi ko fari da ja, akwai ajin masu launi, sai dai a sani cewa farar goshi da fararen ƙafafu kaɗai ba sa mayar da doki danda, dole farin ya hau jiki. Wanda ya kai shekara 15 yana da ajin tsofaffi, inda ake duba yadda ya riƙe jikinsa da lafiyar takunsa gwargwadon shekarunsa. Wanda aka karɓo daga ƙungiyar ceton dabbobi, irin su World Horse Welfare ko Blue Cross, sau da yawa yana da nasa ajin. Can ƙarshen jadawali kuma akwai na raha, kamar godiyar da ta fi kyau, ko dokin da alƙali zai so ya tafi da shi gida. Wasu suna raina waɗannan, amma yaro ɗan shekara 6 bai san bambancin jan furen ƙyallen kyauta da ya ci a nan da na babban aji ba. Ja kuwa a Birtaniya shi ne na ɗaya, shuɗi na biyu, rawaya na uku, kore na huɗu.

Mataki na shida shi ne a tace abin da aka zaɓa ya koma biyu ko uku. Wannan yana da dalilai na zahiri. Na farko shi ne gashi: ba zai yiwu a shiga ajin masu siffar gado da geza a sake da ƙarfe goma, sannan a shiga ajin farauta da geza a kitse da goma da rabi ba, kuma idan aka kwance kitso gezar takan tsaya a murɗe. A zaɓi hanya ɗaya a ranar. Na biyu shi ne fili: gasa takan gudana a fili uku ko huɗu lokaci guda, kuma azuzuwa biyu suna iya cin karo, alƙali kuwa ba lallai ne ya jira kowa ba. Na uku shi ne gajiya. Kurun da aka sauke daga tirela da ƙarfe takwas, aka bar shi tsaye a rana har la'asar, ba zai nuna halinsa na kirki ba, yaron ma haka. Ya fi kyau a nemi azuzuwan da suke kusa da juna a lokaci, a sa mai sauƙin a gaba don su biyun su saba da wurin.

Kafin a biya kuɗi, a tuntuɓi sakatariyar gasar, domin lambarta ko adireshinta na imel yana jikin jadawali don wannan ne. A faɗa mata tsayin dokin da shekarunsa da shekarun yaron, a ce fasfonsa na shaida ne kawai, a tambaya ko ajin kaza zai karɓe shi, kuma da kitso ake so ko a sake. Idan da hali a tura hotonsa yana tsaye a gefe. Haka kuma yana da amfani a je gasa ɗaya ba tare da doki ba, a tsaya a bakin igiya a kalli ajin da ake tunanin shiga, a ga waɗanda alƙali yake kira sahun gaba, a tambayi kai ko namu zai yi kama da su idan ya tsaya a tsakaninsu.

Wanda ya yi kaka ɗaya ko biyu a ƙananan gasa ya ga dokinsa yana tashe, yana iya hawa sama ba tare da takardar zuriya ba, domin rajistar gasa daban take da rajistar jinsi. Danda yana iya shiga ƙungiyar dawaki masu launi, CHAPS ko BSPA, saboda launinsa, kob na gargajiya yana da ƙungiyar TGCA, tsoho yana da ƙungiyoyin tsofaffin dawaki, kurun farauta mai kitso kuma ana iya yi masa rajista da BSPS ko da ba a san iyayensa ba, sai dai za a buƙaci takardar tsayi daga hukumar awo ta JMB, da kuɗin mamba na shekara-shekara. Ƙa'idojin waɗannan ƙungiyoyi suna canzawa, don haka littafin dokokin shekarar da ake ciki shi ne abin bi.

Namu kurun, bayan abin da ya faru a tantin dattijuwar nan, mun tsaya da shi a kan azuzuwa biyu, na masu siffar gado marasa rajista da na farauta mai ƙaramin shinge a gasar da take barin a shiga da geza a sake. A na farkon yakan zo na uku ko na huɗu, domin ƙafafunsa na baya ba su miƙe yadda ake so ba, kuma wani alƙali ya taɓa nuna mini hakan da sandarsa. A na biyun ne yake samun ja, saboda bai taɓa tsayawa a gaban shinge ba. Bana ya cika shekara 15, kuma yarinyar ta riga ta sa alama da biro a kan ajin tsofaffi a jadawalin watan Mayu.